Ɗanye Ba Ya Girgiza Igiya

Duk wanda ya ce muku Gwadabe mutum ne mai daɗin zama, to ruwan rijiyarsa kawai ya sha, bai zauna da shi ba. Ni Hanne na zauna da shi. A gidansa na Ajingi aka yanke mini cibiya, a gabansa na yi wayo. Kaka muke ce masa, ko da yake ba shi ya haifi ubanmu ba, yayan kakanmu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere ne, baƙi, ƙirji kamar turmi, idon hagu a tsiyaye, ga faɗan tsiya. In ya daka tsawa a zaure har kajin cikin gida sai sun watse. Daga Gaya zuwa Ajingi zuwa ƙauyukan bayan Gafasa, rijiyoyin da hannunsa ya taɓa sun fi talatin, wasu har gobe ana jan ruwansu. Ina son sa, wallahi ina son sa. Amma in na tuna abin da zan gaya muku, sai in ji kamar in je bakin kabarinsa in zazzaga masa masifa.

Asalinsa manomi ne. Ƙauyensu yana gabas da Toranke, yanzu ko kufai babu. Wata shekara ana tsakar yankan gero, tun ba a san Bature ba a ƙasar nan, mahara suka sauko daga duwatsun kudu da hantsi. Suka cinna wa rumbuna wuta, suka sassare maza a bakin gona, suka ɗaure mata da yara suka tasa ƙeyarsu. Uban Gwadabe a ƙofar gidansa aka soke shi da mashi. Uwarsa da ƙannensa mata biyu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi kuwa, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya saɓi ƙaninsa Abdulsalam mai shekara bakwai, ya faɗa cikin dawa ya kwanta a kansa har ihu ya lafa. Da suka fito, su biyu suka rage a gidan mutum goma sha ɗaya. Tun daga ranar ba abin da Gwadabe ke tsoron rasawa a duniya sai ƙanin nan nasa. Ya kai shi wurin gwaggonsu a Gafasa, shi kuma ya nufi Gaya neman abin da za su ci.

A Gaya ya faɗa hannun Badaru. Mahaƙa rijiya ne su tara, 'yan igiya ake ce musu, Badaru kuma shi ne Uban Igiya. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma wannan sanyin murya tasa ya fi tsawar kowa ban tsoro. Mutanen nan suna da nasu tsari, kuma kada ku ɗauka duk mugunta ce. In ɗayansu ya kwanta ciwo, su ke nome masa gona. In ya mutu, 'ya'yansa ba sa kwana da yunwa. Amma kafin ka zama nasu, sai ka gane kurenka.

Duk wanda ya shigo sabo, ko da furfura a gemunsa, sunansa ɗanye. Ba mai kiran sunan da ubansa ya raɗa masa har sai ranin da ya shigo ya ƙare. Ɗanye ba ya hawa tabarma, ba ya sa hannu a akushi sai an tashi an bar masa ƙanzo, kuma ba ya tambaya. In ya ce, wannan jar ƙasar me ya sa take gumi, sai a ce rami zai koya maka, a bi shi da ranƙwashi. Shi ke kwashe ƙasar da aka jawo, shi ke murza igiyar rama har tafinsa ya ɗaye. Kuma shi ake zurawa ƙasa da tsakar rana, lokacin da manya ke son inuwa.

Babbar dokar ita ce ta igiya. Igiya biyu ke sauka rami: ɗaya ta kwandon ƙasa, ɗaya a ɗaure a ƙugun mai haƙa, an ratsa ta kan gungumen giginya, mutum ɗaya yana riƙe da ita a sama. Shi ne mai riƙo. In na ƙasa ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya kama igiyar ƙugunsa ya girgiza sau uku, kowa ya yar da abin hannunsa a taru a jawo shi. Tsohon ɗan igiya ko fitsari ne ya matse shi girgizawa yake, ba mai cewa uffan. Amma ɗanye ba ya girgiza igiya, kuma ba ya ihu. Sai Uban Igiya ya dubi rana ya ce a fito da shi. In ya girgiza za a jawo shi, ba a barin sa a ciki, amma da fitowarsa sai wanka. Wankan nasu kuwa, igiyar rama ake ninkawa huɗu a tsoma a ruwa ta sha ta ƙoshi, a kife mutum a kan gungume, kowane ɗan igiya ya zuba masa uku. In ya sake girgizawa, a sake wanke shi a kore shi, kuma ba uban igiyar da zai karɓe shi daga nan har Haɗeja.

Na taɓa tambayar Kaka dalili. Ya ce jawo ƙato daga gaba goma sha biyar aikin mutum shida ne, sabon shiga kuwa da ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar faifai sai ya firgita ya girgiza igiya, a wuni ana jan sa ana mayarwa, aiki na tsaye. To, na ji. Amma don girman Allah, mutumin da kuka hana tambaya, kuka ƙi nuna masa yadda rami ke yi in zai rufta, kuma kuka hana shi kira, me kuka bar masa? Da na faɗi haka sai ya jefe ni da takalmi.

Shi kansa ya sha wankan. Kwanansa uku da fara sauka, iska ta mutu a ramin, kansa ya hau juyawa, ya girgiza. Suka jawo shi suka kife shi. Ya ce tun a mutum na uku ya daina jin bayansa. Wata igiyar ta naɗo ta fasa masa leɓe, haƙori ɗaya ya tafi. Da suka gama suka sheƙa masa ruwan laka, Badaru ya tsuguna a kansa ya ce a hankali, "Ɗanye, gobe kai ne farkon sauka." Ya kuwa sauka, jini na bin igiya.

Da rani ya ƙare, Badaru ya tara su a bakin rijiyar da suka gama. Ya ɗebo ruwan farko a ƙoƙo, ya kira sunan Gwadabe da ƙarfi sau uku, ya ba shi ya sha, aka matsa masa a tabarma. Kaka ya ce ko ranar aurensa bai ji daɗi irin na wannan rana ba. Kun ga inda masifar take ke nan. Mutumin da aka fasa wa baki, shi ya zama wanda ɗanye ya fi tsoro in an jiƙa igiya. Cikin shekara goma sha biyar ya zama mai riƙo, hannun daman Badaru. Ya auri Hure, ya kafa gida a Ajingi.

Abdulsalam kuwa ya girma a Gafasa. Ya yi karatu daidai gwargwado a wurin wani malami, yana noma gonar mijin gwaggonsu. Dogo ne mai fara'a, ba ya gardama, irin mutanen nan da za ka taka su su ce maka sannu. Ya auri Hansai, kakata wadda ta haifi ubana. Gwadabe ya sha rantsuwa cewa ƙaninsa ba zai taɓa leƙa rami ba muddin yana numfashi, don haka duk kaka yakan aika masa da dami, duk salla da riga.

Sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Gwaggo ta rasu, 'ya'yan mijinta suka karɓe gonarsu. Abdulsalam ya ɗauko Hansai da cikin wata biyar suka sauka a gidan yayansa. A shekarar yunwa irin wannan ba mai ci ya ƙoshi sai mahaƙin rijiya, don tsofaffin rijiyoyi duk sun ƙafe, kowace unguwa tana neman sabuwa. Ya yi sati uku yana kallo, wata safiya ya tsuguna gaban yayansa a zaure.

"Yaya, ka kai ni wurin Baba Badaru."

"In kai ka ina? Uban me za ka tsinta a rami?"

"Ina da iyali, Yaya, ga haihuwa na tafe. Har yaushe zan zauna Yaya Hure na auna mini tsaba kamar gurgu?"

Gwadabe ya kwaɗa masa mari. Abdulsalam bai motsa ba, bai kuma janye maganarsa ba. Kwana huɗu suna haka. A ƙarshe Gwadabe ya ce a ransa, ai ni ne mai riƙo, igiyar ƙugunsa a hannuna za ta kasance, me zai same shi? Ya tasa shi gaba suka tafi.

Badaru ya dubi Abdulsalam tun daga sama har ƙasa, sannan ya juya ga Gwadabe. "Ka san al'ada. Wanda ya kawo ɗanye, in wanka ya kama, shi ke fara zubawa. In kuma aka kore shi, kai ma ka ajiye riƙo."

"Na sani, Baba."

A lokacin suna haƙa wa wata unguwa rijiya a gefen Ajingi. Sun wuce jar ƙasa, sun fasa marmara, a wajen gaba goma sha biyu suka tarar da farin yashi. Abdulsalam ya yi kwana takwas yana kwasar ƙasa yana cin ƙanzo, ana kiran sa ɗanye yana amsawa da murmushi. Rana ta tara aka ɗaura masa igiya aka zura shi. Bai daɗe ba igiyar ta girgiza a hannun yayansa, ɗaya, biyu, uku.

Aka jawo shi. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya durƙusa gaban Badaru. "Baba, a gafarce ni. Bangon gabas yana zubar da yashi, siriri, kamar gari daga rariya."

Laifi biyu ke nan, ya girgiza kuma ya yi magana. Akwai wani tsohon ɗan igiya mai suna Maiwada, bakinsa ba linzami, ya ƙyalƙyale da dariya. "Jama'a, ku zo ku ga malamin rami! Kwana tara ya sauke!" Badaru ya leƙa, ya kasa kunne, ya jira. Ba abin da ya faɗo. Bai tura kowa ya duba ba, don tura mutum ya duba maganar ɗanye abin kunya ne a wurinsu. Ya ce, "A jiƙa igiya."

Ku ji dabarar da Kaka ya yi, dabarar banza da wofi. Ya ce in ya sassauta hannu za su ce ya yi wa ɗan'uwansa gata, su ninka nasu. In kuwa ya zuba da gaske, za su ji tausayi su rage. Sai ya ja da baya ya zuba iya ƙarfinsa, ƙarfin mutumin da ya shekara goma sha biyar yana fasa marmara. Ta farko ta tsaga fata daga kafaɗa har ƙugu. Abdulsalam bai yi kuka ba, juyo da kai kawai ya yi ya dubi mai dukan. Ta biyu da ta uku suka bi sawun ta farko. Sauran kuwa da suka ga abin da wa ya yi wa ƙaninsa, ina tausayi? Kowa ya ce ba za a fi shi ba. Suka yi masa jina-jina, har Maiwada na kirari. Kafin a zo kan Badaru, Abdulsalam ya suma, amma ba a rage ko ɗaya ba.

Gwadabe ne ya goyo shi zuwa gida. Hansai ba ta yi kururuwa ba. Ta dafa ruwa, ta gasa masa bayan, ta barbaɗa garin bagaruwa. Da yake ba ta haɗa ido da yayan mijinta, sai ta yi magana ta bayan zana.

"Yaya, wannan ta tsakiyar, mai zurfin, wa ya yi ta?"

Gwadabe ya tashi ya bar gidan.

Kwana shida Abdulsalam yana kwance rub da ciki. Rana ta bakwai da safe, da ya iya miƙewa, yayansa ya ja shi bayan rumbu.

"Ka ji ni da kyau. Saura wata biyu ruwa ya sauka a kira sunanka, shi ke nan ka huta har abada. In ka sake taɓa igiyar nan sun kore ka, ni ma sun sauke ni. Mu ci me, ƙasa? Ko me ka gani, runtse ido ka ci gaba da sara. Ina sama, ina riƙe da kai."

"Yaya, yashin nan fa da gaske yake zuba."

"Kai ka fi Baba Badaru sanin rami? Shekararsa arba'in a ciki! Ni kaina na sauka shekaranjiya, ko ƙwaya ban ga ta motsa ba."

"To, Yaya."

Kuma gaskiya Gwadabe ya faɗa, ya sauka bai ga komai ba. Abin da ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne wannan: yashi irin wannan da safe yana da laima, yana riƙe kansa. Sai rana ta take, zafi ya busar da shi, sannan yake sakin jiki. Manya da safe suke sauka. Tsakar rana ta ɗanye ce, kuma a kwanakin da ɗanyen ke kwance, kowa inuwa ya shige da rana. Saboda haka a duk cikinsu mutum ɗaya ne tak ya taɓa ganin bangon nan yana zuba, shi ne kuwa wanda suka ce ba shi da baki. Ƙatti tara, ga furfura ga gemu, amma wannan ɗan tunani ya gagare su. Tir!

Rana ta take, aka ɗaura wa Abdulsalam igiya a kan miki aka zura shi. Mutum biyu na jan kwando, saura suna gindin tsamiya suna dama fura. Gwadabe na zaune a bakin rami, ƙafa a tokare da gungume, igiya a tafinsa. Yana jin saran dagi daga ƙasa, tim, tim. Kwando ya hau sau huɗu. Sai saran ya tsaya.

Abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na ji, sau ɗaya tak, wata rana yana murza igiya a tsakar gida bayan na yi aure. Ya ce mai riƙo yana jin komai a tafinsa. Yana sanin in na ƙasa ya sunkuya, yana sanin in ya miƙe. Ya ce ya ji hannun ƙaninsa ya kama igiyar. Ya ji ta yi nauyi, ya ji ɗan rawar da hannu ke yi in mutum yana tsoro. Hannun ya tsaya a nan, bai girgiza ba, bai saki ba.

Ya san abin da wannan ke nufi, wallahi ya sani. Kalma ɗaya zai faɗa, ku ja, mutum shida su taso. Amma mai riƙo ba ya jawo ɗanye ba da izinin Uban Igiya ba, balle ɗanyen ƙaninsa ne, za a ce ya yi masa gata, a ɗauke shi daidai da girgizawa. Ya ɗaga kai ya dubi gindin tsamiya. Badaru yana kallon sa ta saman ƙwarya. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa bari in ƙirga goma, in hannun bai saki ba zan yi magana ko me za a yi. Yana kan shida hannun ya saki. Saran dagi ya dawo, tim, tim. Ya ce har ajiyar zuciya ya yi, Allah ya gafarta masa.

Sara na biyar ba a ji shi ba. Ƙasa ta yi wani irin nishi, igiya ta fizge ta ƙone masa tafi, ƙura ta tashi daga ramin kamar an zazzage toka.

Kafin kowa ya ajiye ƙwarya Gwadabe ya kama igiyar kwando ya sulale. Bai ɗaura komai a ƙugu ba. A ƙasa bai ga mutum ba, sai yashi da igiya ta shige cikinsa. Ya hau tono da hannu kamar kare, yashi na ci gaba da zubo masa a ƙeya, farcensa na fita bai sani ba. Ya sami gashi, ya sami goshi, ya share baki da hanci. Abdulsalam ya ja numfashi da wani irin ƙara. Gwadabe ya yi ta hamdala yana tono, har ya kai ƙirji. Nan ya tarar da falalen marmara, wanda ya ɓallo daga sama da yashin ƙarƙashinsa ya zube, ya danne shi daga haƙarƙari zuwa cinya. Ya sa kafaɗa, ya sa baya, ko gezau.

"Kada ka yi magana. Ga ni nan. Yanzu za su zuro dagi."

Abdulsalam ya buɗe ido, jini na fitowa ta gefen bakinsa. "Yaya."

"Na ce ka yi shiru!"

"Ka gaya wa Baba ban girgiza ba."

Gwadabe ya tallafi kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sau ɗaya. Mutum uku suka sauko da dagi, suna kawar da dutsen Abdulsalam yana cikawa. Sai bayan la'asar aka fito da shi.

Aka yi masa sutura, liman ya sallace shi, aka kai shi makwanci tun rana ba ta faɗi ba. Gwadabe bai zubar da hawaye ba, yana tsaye hannuwansa na ɗigar jini. An gama tura ƙasa, an shafa fatiha, mutane sun fara juyawa, sai Badaru ya matso da ƙoƙon ruwa a hannu. Ku yarda da ni, mutumin nan ba da izgili ya zo ba. Idonsa jawur. A ganinsa babbar karamar da ke hannunsa ya kawo. Ya tsaya a kan kabarin ya kira da ƙarfi, "Abdulsalam! Abdulsalam! Abdulsalam!" Ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya juya ga mutanensa.

"Ku shaida, daga yau ba ɗanye ba ne, ɗan igiya ne. Rami ya zo masa bai girgiza ba. Duk ɗanyen da zai zo bayansa, da shi za a yi masa misali."

'Yan igiya suka amsa, "Mun shaida."

Dagin da aka haƙa kabarin yana nan yashe. Ba wanda ya ga lokacin da Gwadabe ya ɗauke shi. Kan Badaru ya nufa, Allah ya sa tsohon ya karkace, ƙarfen ya sauka a kafaɗa, aka ji ƙashi ya ce ƙas. Ya ɗaga zai ƙara, mutum bakwai suka rufar masa. Ya ciji kunnen wani, ya karya wa wani yatsa, suka kayar da shi a kan sabon kabarin suna tattakawa. Liman na ihu, "Ku ji tsoron Allah, a maƙabarta kuke!" ba mai jin sa. Maiwada ya juya gindin dagin ya dankara masa a fuska, idon hagu ya fashe. Sai da mutanen unguwa suka shiga da sanduna aka raba. Badaru bai sake ɗaga wannan hannu ba har ya mutu.

Gwadabe ya ƙi a riƙe shi. Da ƙafarsa ya tako gida, yana dafa katanga, rabin fuska a rufe da jini. Mata sun cika tsakar gida ana koke-koke. Hansai ta tashi daga cikinsu, da tsohon ciki, ta fito har zaure. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa tsayawa gabansa ba, ranar kuwa ta tsaya, ta dube shi cikin idon da ya rage.

"Yaya, ya kira ku?"

"Bai kira ba."

"Ba ka ji komai ba?"

Zai iya cewa farat ɗaya abin ya zo, ba mai ƙaryata shi. Amma sai ya ce, "Na ji hannunsa a igiya."

Hansai ta gyaɗa kai a hankali. "Da safe na riƙe masa riga. Na ce in ka ga yashin nan ka girgiza, in sun kore ka ma ci tafasa, ba mu ne farkon masu yunwa ba. Ya ce, Hansai, Yaya ya goye ni ya fitar da ni daga wuta, ba zan kunyata shi gaban mutanensa ba."

Ta juya ta koma ciki. Nan Gwadabe ya zube a zaure yana kuka irin na bijimin da aka kayar, har maƙwabta suna toshe kunnen 'ya'yansu.

Bayan wata uku ta haifi ubana. Gwadabe ya yanka rago, ya yi duk abin da uba ke yi. Da rani ya zagayo ya tara nasa mutanen ya ci gaba da haƙa, don ba shi da wata sana'a. Bai zama mai sanyi ba, ya mari na mari ya zagi na zagi har tsufansa. Amma saukar tsakar rana bai sake barin kowa ya yi ta ba, shi ke yi da kansa, da ido ɗaya, har gwiwoyinsa suka ƙi.

Hansai ba ta sake aure ba. Ta zauna a gidan shekara ashirin da shida, tana cin hatsinsa, tana tuƙa tuwon da yake ci in Hure ba ta da lafiya, amma kalma ɗaya ba ta sake haɗa su ba. Na ga wannan da idona ina yarinya, ina ɗauka haka kowane gida yake. Sau ɗaya ya roƙe ta gafara, ta bakin Hure. Ta ce a gaya masa ta ji. Har ta rasu ba ta ƙara komai a kai ba.